Yariman da Ya Yi Kama da Yaya Zaid

Lyon, Oktoba 2023

Yaya Zaid,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da aiki da sanyin Paris da ya soma shigowa. Ina gaida Youssouf. Ni lafiya lau, sai murar da na kwaso a ɗakin karatun unguwa inda nake aiki. Ranar Juma'a na yi waya da Maradi, na ji Hajiya mahaifiyarka ƙafa ta yi sauƙi har tana zuwa kasuwa da kanta. Allah ya ƙara lafiya.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga Hamdiya, ga waya a hannun kowa. Na sha ɗaukar wayar in kira ka, sai in ga a tambayar lafiya zan ƙare in kashe.

Ga maganar. Tun bara nake rubuta wani labari da Faransanci, ina sa shi babi-babi a intanet da sunan aro. Labarin ƙasashe biyu ne da babu su a duniya, Masarautar Dutse da Masarautar Tafki, sun daɗe suna yaƙi a kan ruwa. Tafkin yana da rai, da ya gaji da jini sai ya ja baya ya bar su da ƙishi. Bokaye suka ce ba zai dawo ba sai an ɗaura aure tsakanin magadan sarakunan biyu. To kowane sarki ɗa namiji guda gare shi. Aka koma bakin tafki aka tambaya, ya ce shi magada ya ce, bai ce mace da namiji ba. Haka aka aurar da Yarima Kaila ga Yarima Bawa, ba su taɓa ganin juna ba, kuma kowanensu da ƙiyayyar ɗayan ya tashi. Sauran labarin yadda ƙiyayyar ta narke ne. Akwai raƙuma masu fukafukai, kada ka yi dariya.

Irin waɗannan littattafai suna da masu karatu sosai a nan. Wata mata mai ƙaramar maɗaba'a ta neme ni, tana so ta buga shi, da sunana na gaskiya.

Sai da na zauna na karanta shi tun daga farko na ga abin da na aikata. Kaila ƙaramin yatsansa na hagu a karkace yake, ƙofar ƙarfe ta datse shi yana yaro. In ransa ya ɓaci in'ina ke kama shi. Uwarsa sarauniya kuwa, duk sa'ad da aka nuna masa ɗiyar wani ya kau da kai, cewa take yi, "Ɗana ba ya ƙin kowa, kunya ce gare shi." Ka san daga bakin wa na ɗauko wannan.

Yaya, ba ka taɓa faɗa mini komai ba, ni ma ban tambaya ba. Lokacin da na zo ƙasar nan kuka sauke ni a Aubervilliers, ɗakin da kuka ce na Youssouf ne kwalaye na tarar a ciki har rufi, da katifa sabuwa da ledarta. Na ci abincinku na yi shiru. Ashe shirun nan takarda ya gangara.

Na rubuta maka inda za ka samu labarin a bayan wannan takarda. Ka karanta. Abin da ka ce shi zan yi.

Ƙanwarka,
Hamdiya


Aubervilliers, Nuwamba 2023

Hamdiya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na same ta lafiya. Allah ya sawwaƙe murar. Muna nan lau, aiki ya yi yawa a depo, ma'ajiyar kayan da nake aiki, saboda kayan ƙarshen shekara, kwantena na shigowa kamar ba gobe. Youssouf yana amsa gaisuwa.

Na karanta. A jirgin metro na fara, sai da na wuce tashata ban sani ba. Dariyar da kika hana na yi ta, domin raƙumin da na sani ko tashi tsaye sai an roƙe shi, balle ya tashi sama. Youssouf ya riga ni gamawa a hutun aikinsa na asibiti. Ya ce in faɗa miki Yarima Bawa malalaci ne, tun farkon littafi har ƙarshe bai wanke ko kofi ba, in da shi kika kwatanta to kin zalunce shi.

Yanzu maganar da ba ta dariya ba. Kakarki da kakata ciki ɗaya suka fito, kin yi hutun makaranta a gidanmu, kin san kowane lungu. Shi ya sa abin ya yi mini zafi. Baƙo in ya rubuta, ƙage ne. Ke kuwa da kika rubuta ƙofar da ta datse yaron, har launin fentinta kika faɗa. Duk wanda ya taɓa shiga gidan Hajiya zai gane koriyar ƙofar nan.

Kuma akwai babin da sarauniya ta riƙe hannun ɗanta ta sa masa lalle da kanta, mata na guɗa. A nan na kife wayar, na daɗe ban koma ba. A ƙasarki ta tafki iyaye ne ke tura su, ana kiɗa ana busa, su yaran ne ma ke ƙi. Ni kuwa shekara da shekaru ina ce wa mahaifiyata abokin haya ne. Kowace sallah sai ta tambaye ni ko shi ma bai yi aure ba, in ce tukuna. Ta ce Allah ya ba mu mata na gari mu duka biyu, in ce amin. Ban san ko gode miki zan yi a kan babin nan ko in yi fushi ba.

Ki cire yatsan. Ki cire ƙofar da in'inar. Maganar Hajiya kuwa ki mayar mata da abarta, ba ta ba ki aro ba. Sauran naki ne, ki yi yadda kike so. Amma ki faɗa mini gaskiya, akwai wanda ya san ke ce mai rubutun a cikin dangi?

Yayanki,
Zaid


Lyon, Nuwamba 2023

Yaya Zaid,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. A gaggauce nake rubutu, ina so in jefa takardar a gidan waya kafin in kama taram, jirgin cikin gari, zuwa aiki.

Na cire duk abin da ka ce a ranar da takardarka ta zo. Yanzu Kaila tabon kibiya gare shi a kafaɗa, kuma bakinsa garau. Sarauniya na ba ta wata magana, ba ta kai waccan daɗi ba amma tawa ce.

Tambayarka ta ƙarshe ita ta hana ni sukuni. Da na so in ce babu kowa. Amma akwai Rékia, ɗiyar kawunmu Tonton Mamadu da ke karatu a Niamey. Bara da labarin ya soma samun masu karatu, zuciya ta ɗebe ni na tura mata, ban ce ni ce ba, na ce ta duba kawai. Makon jiya ta aiko mini saƙo tana dariya, wai ta daɗe da gane hannuna, wa zai kira bokan sarki da sunan mai gadin makarantarmu in ba ni ba. Na roƙe ta ta yi shiru. Ta ce ai na makara, ta je Maradi suna, an zauna hira.

Hajiya ta ji labarin, Yaya. Ta kira ni jiya. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce dai ba ta zaci irin wannan daga gidanmu ba. Ka yi haƙuri, ni na jawo.

Zan rubuto da tsawo in na natsu.

Hamdiya


Lyon, Disamba 2023

Yaya Zaid,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Unguwarmu Guillotière ta cika da fitilu da mutane, mai burodin da ke ƙarƙashin ɗakina ya soma ba ni wanda ya kwana kyauta, wai na rame.

Na kira ka ba ka ɗauka ba. Na kira Youssouf, ya ce kana nan lafiya, amma in ba ka lokaci. Muryarsa ba irin wadda na sani ba ce. Na kira Hajiya ita ma ba ta ɗauka ba, Halimatu ƙanwarka ta ce tana kwance ba ta son magana.

In gyaran da na yi bai isa ba, ka faɗa. In sauke labarin gaba ɗaya kake so, yau zan sauke. Matar maɗaba'ar tana jira, na ce mata ban shirya ba. Ko zagi ne ka aiko mini, ya fi wannan shirun.

Ƙanwarka,
Hamdiya


Aubervilliers, Janairu 2024

Hamdiya,

Na samu takardunki biyu. Lafiyar jiki akwai ta, alhamdu lillahi.

Kin rubuta, "Hajiya ta ji labarin." Kika ƙara da cewa ba ta zaci irin wannan daga gidanmu ba, kika ce in yi haƙuri. Ke da aikinki ke nan, zaɓen kalma, ki faɗa mini yadda mutum irina zai karanta wannan.

A depo na buɗe takardar, lokacin abincin rana. Na fita waje tsakanin motocin kaya na kira ta nan take, domin na ga in na jira zan rasa ƙarfin hali. Ta ɗauka da fara'a, tana tambayar sanyi. Na ce, "Hajiya, abin da kika ji gaskiya ne. Ki yafe mini, da ni ya kamata in faɗa miki."

Ta ce, "Wane abu, Zaidu?"

Na ɗauka so take in furta da bakina, kamar yadda take yi mana muna yara in mun fasa kwano. In'inar nan da kika sa a littafi ta kama ni, na daɗe a kan harafin farko. Ta jira ni, kamar kullum. Na ce Youssouf ba abokin haya ba ne. Na faɗa mata tun yaushe.

Ina jin dakan maƙwabta ta cikin wayar. Can ta ce, "Ni maganar Hamdiya na ji. Rékia ta ce tana rubuta wa Turawa tatsuniyar soyayya, shi ne na kira ta na yi mata faɗa." Sai ta ce innalillahi, a hankali ƙwarai, waya ta mutu.

Rékia ba ta faɗi komai a kaina ba. Ban ma san ko ta gane ba. Da bakina na kai kaina.

Tun ranar ba ta ɗauki wayata ba. Halimatu ta ce ta daina zuwa kasuwa, ko gidan biki ba ta leƙawa, kuma ba ta faɗa wa kowa dalili ba. Ita kaɗai take ɗauke da shi, tsohuwa mai ciwon ƙafa, ni na aza mata ta waya ina tsaye kusa da motar kaya. Youssouf ya ce in so nake ya koma wurin abokinsa a Saint-Denis na ɗan lokaci, zai koma. Na ce masa kada ya ƙara wannan magana. Amma na yi kwanaki ban iya kallon idonsa ba, alhali shi bai yi mini komai ba.

Na ɗora miki laifi iya ɗorawa. Wani lokaci kuma in ga ke kalma ɗaya kika ɓata, ni shekaru na yi ina cewa amin a kan ƙarya. Ban san rabon kowa ba. Kada ki sauke labarin saboda ni, saukewar ba ta gyara komai.

Zaid


Lyon, Fabrairu 2024

Yaya Zaid,

Ina gaishe ka, ina gaida Youssouf, in zai karɓa.

Na karanta takardarka a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, na kasa hawa bene. Na tuna yadda na rubuta waccan, alƙalami a hannu ɗaya, takalmi a ɗayan, ina tsoron taram ta wuce. Faɗan da aka yi mini ne ya cika mini kai, ko kaɗan ban tsaya na karanta layin da idonka ba. A littafi nakan kwana biyu a kan jimla ɗaya ta mutanen da babu su. Kai da kake da rai ban ba ka minti guda ba. Ba na neman ka ce ba komai.

Akwai abin da ya kamata ka sani, wannan karon kuma zan faɗe shi dalla-dalla.

Ranar Lahadi da rana Hajiya ta kira ni da kanta. Ina kan hanyar kasuwa, na zauna a benci a bakin kogi. Ta gaishe ni a taƙaice ta ce, "Tatsuniyar nan taki, ba ni da Faransanci. Faɗa mini ita da Hausa."

Na ce Hajiya doguwa ce. Ta ce ba inda za ta.

Na faɗa mata. Tafkin, da yaƙin, da bokaye. Da na zo wurin raƙuma ta ce in wuce shirme. Da na zo ɗaurin auren na soma kewaye-kewaye, ta ce, "Maza biyu. Na gane. Ci gaba." Ban taɓa jin nauyin labarin nan ba sai da na ji shi da Hausa a bakina, ina faɗa wa ita.

Da na gama ta ce, "Uwar yaron, me ta yi?"

Na ce ta sa masa lalle, ta raka shi har bakin tafki.

Sannan ta ce, "Ita sarauniya ce, kuma ke kika yi ta. Ba ta da maƙwabta, ba ta da kabarin da za ta kwanta a tambaye ta. Ni ina da su." Na ce haka ne. Ta ce, "Ke kin sani tun yaushe?" Na faɗa mata. Ta ce, "Kika zo hutu kika ci tuwona, ina ce miki ki nemo wa yayanki mata a can, kina cewa to." Na ce e, Hajiya. Kuka ya zo mini, ta ce in bari, ba shi ta kira ta ji ba.

Ta tambaye ni ko kana sallah. Na ce na gan ka kana yi. Ta tambayi mutanen Youssouf, na ce iyakar sanina daga Tahoua suke, mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami. Ta ce Allah ya jiƙan ta. Ba ta ce ta yarda ba, Yaya, ba ta kuma ce ta sallama ka ba. Ban ƙara ko kalma a kan abin da ta faɗa ba, ban rage ba.

Na gaya wa matar maɗaba'a in za a buga, da sunan aro za a buga. Ba ta ji daɗi ba, ta ce masu karatu suna son ganin fuskar marubuci. Na ce fuskar ba tawa kaɗai ba ce.

Ƙanwarka,
Hamdiya


Aubervilliers, Afrilu 2024

Hamdiya,

Barka da sallah, Allah ya maimaita mana. Da fatan kin sha ruwa lafiya. Mu ma lau. Youssouf ya karɓi gaisuwar, ya ce bai taɓa ƙin karɓa ba.

Na yi jinkirin amsa domin ba ni da abin faɗa. Azumi ya zo ya wuce ina kira ba a ɗauka. Na daina ƙirga.

Ranar sallah da hantsi na dawo daga idi na shiga wanka, na bar wayata a kan tebur. Ina fitowa na tarar da Youssouf tsaye tsakiyar ɗaki, waya a kunne, ya rusuna kamar tana gabansa, hular ma ya cire. Ya ga sunanta a kan wayar, ya ji tsoron ta katse kafin in fito, ya ɗauka da niyyar ya ce ta ɗan jira. Ta ce, "Kai ne Yusufa?" Ya ce shi ne.

Ta gaishe shi gaisuwa cikakkiya, irin wadda take yi wa manyan baƙi. Ta tambayi aiki, da gajiya, da azumi, da mutanen Tahoua ɗaya bayan ɗaya. Yana ta cewa lafiya lau, Hajiya. Sannan ta ce, "An ce a asibiti kake aiki. Zaidu yana da gyambon ciki tun yana makaranta, ba ya faɗa. Kada ka bari ya sha shayi cikinsa wayam."

Ya ce, "To, Hajiya. Ga shi nan ya fito, in ba shi?"

Ta ce, "A'a. Ba yau ba."

Ta kashe. Na tsaya da tawul a wuya, ruwa na ɗiga a ƙasa. Youssouf ya zauna a kan kujera ya rufe fuskarsa da hular. Shekarun nan duka bai san da gyambon ba, ni ma na ɓoye masa.

Ban san ma'anar kiran nan ba, kuma na yi wa kaina alkawarin ba zan ƙara karanta abin da ba a rubuta ba. Abin da ta faɗa ke nan, ba yau ba.

Ke kuma, ban ce na yafe ba tukuna, kada ki ɗauka na ce. Amma naman sallar da muka soya ya yi mana yawa. Ki hau jirgi ranar Asabar ki zo. Mun kwashe kwalayen daga ɗakin, na gaji da ɗakin ƙarya, yanzu na baƙi ne. Ki zo da yunwa, kuma ki bar alƙalaminki a Lyon.

Yayanki,
Zaid